Kwarin da Ke Bayan Kasuwa

A duk kwalejin ita kaɗai ce ta haɗa Faransanci da labarin ƙasa. 'Yan ajin Faransanci suna kiranta Uwar Duwatsu, don jakarta ba ta rabuwa da tsakuwa da ƙullin ƙasa a leda. A rubuce harshen ba ya ba ta wahala. Bakinta ne ke ƙin buɗewa. Ta faɗi jarrabawar baka a zangon da ya wuce, kuma dokar sashen ita ce duk wanda ya sake faɗuwa sai ya ajiye kwas ɗin.

Yayanta ne ya kawo ta a babur ranar jarrabawar.

"Ki dai buɗe baki, Auta. A gida ba kya barin kowa ya yi magana, sai gaban Madam ki zama kurma."

"Yaya, a gida ai da Hausa nake yi."

"To ki yi mata Hausar, ki riƙa fitar da ita ta hanci. Ai haka na ji kuna yi."

Ofishin Madam, malamar Faransancin, ƙarami ne: tebur, kujeru biyu, fanka mai ƙara, kabad cike da ƙamus. Ɗalibi zai zari hoto ɗaya cikin waɗanda aka kife a tebur, ya yi bayanin rayuwar mutanen da ke ciki, suturarsu da cimarsu da yadda suke zama.

Hoton da ta zara na wani ƙauye ne a Faransa ranar kasuwa. Ga tsofaffi a gaban shagon gahawa, ga mai sayar da cuku, ga wata mata da dogon burodi a hammata. Idonta bai tsaya a kansu ba. Bayan rufin gidajen akwai kwari mai faɗin gindi, gefensa a tsaye kamar bango, ruwa na zubowa daga wani ƙaramin kwari can sama. Ta sha zana irinsa a aji, amma ba ta taɓa ganinsa fili haka ba.

Ta fara magana da Faransanci. Ta ce ba kogi ne ya haƙa kwarin nan ba, don kogi siriri yake yanka ƙasa. Ƙanƙara ce mai kauri ta gangaro a hankali, ta kankare dutse, ta narke ta bar shi haka. Inda kalma ta ɓace mata sai ta zagaya ta wata, ko ta nuna da hannu. Madam ta ɗaga yatsa za ta tsayar da ita, sai kuma ta fasa, ta ajiye biro.

Da lokaci ya cika Madam ta ƙwanƙwasa tebur, ta koma Hausa.

"'Yata, babu mutane a hoton nan ne?"

Ta sake dubawa. "Akwai, Madam."

"Ai kuwa akwai. Ni na ɗauki hoton. Waccan mai burodin a gidanta na zauna lokacin da nake karatu. Kin bi ta kanta kin wuce ko gaisuwa babu."

Ta sunkuyar da kai tana jiran hukunci. Madam ta jawo takardar maki. A gurbin al'ada ta ba ta ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A gurbin harshe ta daɗe tana tunani kafin ta rubuta.

"Kin haye, da ƙyar. Zango mai zuwa sai kin gai da mutane kafin ki hau dutse."

"In sha Allahu, Madam. Na gode."

Ta miƙe ta rataya jaka. Madam ta jawo hoton kusa da tabarau, ta ɗora yatsa a gefensa.

"Tsaya. Waɗannan manyan duwatsun da ke tsakiyar gona fa? Kullum ta gefensu nake bi in je tasha. Su ma ƙanƙarar ce ta kawo su?"

"Ita ce, Madam. Ai idan ta..."

"Da Faransanci."

Ta ajiye jakar ta koma ta zauna. A waje, ɗalibin da ke bi mata a layi ya leƙo ta taga, ya koma kan benci.