Matar Aro

Saura kwana kaɗan a koma makaranta, malamin kimiyyar da aka turo sabuwar sakandare bai sami wurin ajiye katifarsa ba. Ko'ina ya je maganar ɗaya ce: ba a ba tuzuru haya. Sai ga dillali da labarin ciki da falo a bayan katangar makarantar, ana jin ƙararrawa daga tagar ɗaki. Ya ce mai gidan dattijo ne mai tsauri, in malam na son wurin, ya zo da mata ko ta aro ce.

Matar yayansa ya roƙa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce da ma tun da aka kawo ta gidan take kiransa "ƙaramin miji", yau sai ya biya kuɗin cefane. Ta goya jaririnta suka tafi.

Komai ya tafi daidai. Ta buɗe famfo, ta leƙa kicin, ta yi ƙorafin tsagewar bango kamar wadda za ta zauna. Dattijon ya ji daɗi, ya miƙa wa malam makulli, sannan ya kira matarsa su gaisa da sabbin maƙwabta.

Matar na fitowa ta tsaya cak. Ashe ita ce ungozomar da ta karɓi haihuwar yaron a asibiti. Ta dubi jaririn, ta dubi malam daga sama har ƙasa.

"Ke, 'yar nan, ina mijin naki mai gemu, wanda ya yini yana safa da marwa a ƙofar ɗakin haihuwa? Har kin rabu da bawan Allah, da ɗanyen goyo?"

Dariyar matar yaya ta ɗauke. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi, ba ta tona wa malam asiri ba. Malam ya dube ta. In ya yi shiru ɗakin ya zama nasa, ita kuma ta fita da mummunan sunan da ba nata ba.

"Baba, matar yayana ce. Ni ba ni da aure."

Dattijon bai ɗaga murya ba. Hannu kawai ya miƙo, malam ya saka masa makullin. Sannan dattijon ya tambaye shi, cikin sanyin murya, wane aji zai koyar, don jikarsa tana makarantar.