Rancen da Baba Inuwa Bai Ci Ba

"Ba zan saka sunansa ba, Kawu Sagiru," na ce, na tura masa wayar a kan tabarma.

Shekarar korona ce. An rufe makarantu, na dawo Gaya daga kwaleji ina zaman gida. Da gwamnati ta fito da rancen tallafi ga masu ƙananan sana'o'i, ni nake nema wa mutanen unguwarmu ta waya. Ranar nan Kawu Sagiru ya kawo wayar yayansa, Baba Inuwa mai injin niƙa, maƙwabcinmu da ke kwance tun farkon damina. So yake in nemi rancen da sunan Baba ba tare da saninsa ba.

Ya ce kuɗin gwamnati ne, babu mai biya, kuma da su za a kai Baba asibiti Kano. Ya ce boko ya kumbura min kai. Na ce na ji, amma sai na ji daga bakin mai sunan.

Na sami Baba Inuwa a ɗaki, matarsa Inna Hure tana yi masa fifita. Ɗakin yana warin man zafi. Tun da dokar kulle ta hana cin kasuwa, matan ƙauye suka daina kawo hatsi, injin ya tsaya. Rediyo ta ce an sassauta haraji, amma masu yankar rasit ba su fasa zuwa ƙofar shagon ba.

"Bara'atu, ke kika yi karatu," in ji Baba. "Kyauta ce ko rance?"

"Rance ne, Baba."

"Idan na tafi, wa zai biya?"

Kawu Sagiru ya ce daga bakin ƙofa, "Yaya, wallahi babu mai tambaya."

"Akwai," in ji Baba. Ya juya fuskarsa bango.

Inna Hure ta biyo ni zaure ta riƙe gefen hijabina. Ta ce in danna kawai, ba zai sani ba, idan ya warke ita za ta ɗauki faɗan. Na san kuɗin suna iya zuwa, don Talatu mai ƙosai da na nema wa ta samu. Na zare hijabina na ce, "Inna, ki yafe min. Kin ji abin da ya ce."

Ba a kai shi Kano ba. Maganin kemis aka yi ta ba shi har ƙafafunsa suka kumbura. Ya rasu ana yayyafi, bayan la'asar.

Muna cikin gida mu mata, ta saman katanga muka ji liman yana tambaya ko akwai wanda yake bin Malam Inuwa bashi. Shiru. Ya sake tambaya. Shiru. Aka tayar da sallar jana'iza.

Bayan arba'in aka sayar da injin. Kawu Sagiru ya baza a unguwa cewa ni na hana a kai yayansa asibiti, mutane suka daina kawo min wayoyinsu. Ban je na wanke kaina wurin kowa ba. Baba ya tafi babu bashi, ni kuma na rasa Inna Hure, matar da ta goya ni ina ƙarama.

Kullum da safe ina gaishe ta ta katanga. Sai in ji tsintsiya ta tsaya, can kuma ta ci gaba da shara.