Hannun mai wankan gawa

Tun da aka binne 'yarta, Gwaggo ba ta sake taɓa bokitin wankan gawa ba. Yana nan a kife bayan ƙofa, sabulu da kafur a leda a kansa. Sati biyar ke nan.

Shekara goma sha tara da suka wuce ta kwana biyu tana naƙuda, har likita ya fara kauce wa idon mijinta. A kan gadon nan ta ce wa Allah in ya tashe ta, duk macen da ta mutu a unguwa ita za ta wanke ta, ba za ta taɓa cewa a'a ba. Ya tashe ta, ya ba ta 'ya mace. Wannan 'yar ce zazzaɓin kwana uku ya ɗauke.

Ran Talata da hantsi tela ya yi sallama. Ƙanwar Gwaggo ta leƙa, ta dawo fuska a murtuke. Matar tela ta rasu da asuba, ɗaya mai wankan ta yi tafiya, liman kuma ya ce ana idar da azahar za a sallace ta, don zafin nan ba ya jiran kowa.

Gwaggo ta san abin da ya ɓata fuskar. Matar tela ce ta zauna a tsakar gidan nan ranar gaisuwar mutuwar 'yar Gwaggo, ta ce da ta kusa da ita, da muryar da ta tabbata za a ji, wai mai yawan taɓa gawa wata rana sai ta kwaso mutuwa a hannu ta kai gida. Daga ranar mata suka fara janye 'ya'yansu in Gwaggo ta miƙa hannu.

"Yaya, ki ce ba ki da lafiya," in ji ƙanwar. "Ba ma ƙarya ba ce, dubi yadda kika koma kamar tsinken tsintsiya. Su je su nemo mai hannun da ba ya kisa."

Gwaggo ta so ta faɗi hakan, har bakinta ya haɗa maganar. Kuma ba matar tela kaɗai ba ce. Tun ranar binnewar wani tunani yake zuwar mata, har a cikin sallah: an karɓe abin da aka ba ta, to ita ma ai sai ta janye alkawarinta. Duk lokacin da ya zo sai ta yi a'uziyya, amma ba ya nisa.

A waje tela yana ta gyaran murya, yana jan takalmi a ƙasa. Gwaggo ta daɗe zaune. Sannan ta miƙe ta birkice bokitin, kyankyaso ya fito a guje. Ƙanwar ta yi tsaki, amma ita ta miƙo mata mayafi.

A gidan tela mata sun cika tsakar gida. Gwaggo tana shiga hira ta mutu. Yayar mamaciyar ta tashi ta tsaya a ƙofar ɗakin, ta dafe gefe da gefe. Ta ce sun riga sun aika a kira wata daga can ƙetaren titi, ba sa buƙata. Daga bayan labulen zaure tela ya ce wayar waccan ba ta shiga, maza kuma sun fara taruwa.

Gwaggo tana tsaye, hannun bokitin yana cin yatsunta. Hanya a buɗe take a bayanta. In ta juya yanzu ba wanda zai ce ta ƙi, korarta aka yi. Ta ji daɗin wannan tunanin, jin daɗin ne ya tsorata ta.

"Ba zan ture ki ba," ta ce. "In kin iya, ga sabulu ga kafur. Sai in tsaya daga nan in riƙa gaya miki."

Yayar ta waiwaya ta dubi abin da ke kwance a kan tabarma an rufe da zane. Ta sauke hannu ɗaya, sannan ɗayan.

Ɗakin ƙarami ne, keken ɗinki ya cinye rabinsa. Gwaggo ta sa aka ja labule, ta durƙusa, ta buɗe fuskar. Bakin nan ne da ya yi mata maganar, a ɗan buɗe. Ta yi bisimilla, ta naɗa ƙyalle a hannu, ta tsoma gwiwar hannu a ruwan, ta ce ya yi sanyi, a ƙaro na zafi.

"Ai ba ta ji," in ji yayar.

"Ba za ta iya cewa ba dai. Ƙaro."

Aka ƙaro. Gwaggo ta tallafi kan matar tela a tafin hannunta, ta fara warware mata kitso a hankali, don kada gashi ya tsinke. Ta ce da yayar ta matso ta riƙe moɗa, ta gefen dama za su fara.