Babu Naka a Wurin

Shekaru da dama bayan mai gyaran firji ya warke daga kansar kaluluwa, gashinsa ya dawo, ƙarfinsa ya dawo, har ya yi ɗan tumbin da matarsa ke tsokanarsa da shi. Haihuwa ce ba ta zo ba. Tun farko likita ya faɗa masa cewa ruwan maganin da za a ɗura masa kan ƙone iri, kuma akan ajiye wa mutum maniyyinsa cikin sanyi kafin a fara. Amma ciwon ya ci wuyansa da hammatarsa, babu lokacin jira, aka fara ba a ajiye komai ba.

Wata safiya ya koma asibitin karɓar sakamakon gwajin haihuwa, shi kaɗai, don ya ce wa matar kada ta bar shagonta. Yana zaune a barandar da ke warin maganin goge ƙasa sai wata yarinya da ba ta isa shiga makaranta ba ta saki hannun uwarta, ta zo ta tsaya a gabansa. Ta ɗora yatsa daidai kan jijiyar hannunsa ta hagu, wadda allura ta busar tun tuni, ko da yake hannun riga ya rufe ta.

"Maƙwabci, har yanzu tana zafi?" ta ce.

Mutum ɗaya ne ya taɓa kiransa haka a duniya, wani direban tanka mai yawan barkwanci da kujerarsa ke kusa da tasa a ɗakin ƙarin ruwa. Uwar ta taso tana ba shi haƙuri, sai suka gane juna: matar direban ce. Ta ce ciwon ya dawo wa mijin, amma shi ya samu an ajiye nasa, da shi aka yi mata dashen cikin yana raye. Ya rasu tana da tsohon ciki. Yarinyar ba ta taɓa ganin ubanta ba, kuma ita ba ta taɓa ba ta labarin ɗakin nan ba.

Mai gyaran firjin ya yi ƙoƙarin yin dariya, ya tambayi yarinyar a ina ta san shi. Ta ce a inda take da, wuri mai sanyi da hayaƙi fari, suna da yawa, kowa na jiran a kira shi. Ta faɗi haka tana wasa da maɓallin rigarta.

"Baba ya ce in duba maka," ta ce. "Na duba. Babu naka a wurin."

Uwar ta ja ta, suka sauka matakala ba sallama. Da aka kira shi ciki, likita ya fara zagaye-zagayen lallashi, shi kuwa ya ce wa likitan ba sai ya wahalar da kansa ba, ya riga ya sani.

A gida ya faɗa wa matarsa sakamakon. Ta yi kuka kaɗan, ta share fuska, ta ce ai shi ta roƙa a bar mata, kuma an bar mata shi. Maganar yarinyar kuwa bai iya yi ba. Sau biyu ya nemi gidan direban, maƙwabta suka ce sun tashi, ba wanda ya san inda suka koma.