Riƙon Asma'u

Asma'u ƴar fari ce, shi ya sa ba ta tashi a gidan ubanta ba. Da aka yaye ta a 1987, ubanta Mutari ya sa aka goya ta daga Konni aka kai wa yayarsa Kubura a Badaguishiri, ƙasar Illela. Haka danginsu ke yi. Uwa da uba ba sa faɗin sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi, ba sa nuna sun san da shi a gaban mutane. Wanda ya samu hali sai ya ba da shi riƙo, kowa ya huta da kunya, kuma ba a karɓar riƙo sai ranar aure.

Kubura ta yi aure sau biyu ba ta haihu ba, ta dawo gidan da ubansu ya bari a bakin fadama, ta kama noman albasa. Ba ita kaɗai ba ce a gidan. Akwai Larai, mutuniyar Tajaye, ƙawarta tun suna ƴan mata, wadda ta zo taya ta aikin rani bayan mijinta ya aiko mata da saki daga Abijan. Rani ya wuce, Larai ba ta koma ba. Garin ya saba. Ɗaya na jan ruwa a rijiya, ɗaya na bin fangali tana buɗe masa hanya. Ranar kasuwa Larai ce ke fuskantar masu kamyo, manyan motocin ɗaukar albasa, don ta fi baki.

Yarinyar ta tashi tana ce wa Kubura Goggo, tana ce wa Larai Inna. Goggo ke tsawa, Inna ke lallashi. Inna ce ta kai ta lakwal, makarantar boko, ta tsaya a taga har mushe, malamin ajin, ya kore ta.

Abin ya faro ne a Konni, cikin sanyin 1993, a gidan suna. Barira, matar Mutari, ta sake haihuwa. Kubura ta zo da Asma'u, ta bar Larai da lambu. Tana can wajen tukwane sa'ad da Hajiya Balaraba, matar Malam Chindo mai wa'azi, ta jawo yarinyar a tsakar gida ta tambaye ta ɗiyar wa ce.

"Ɗiyar Goggo ce ni, da Inna Larai."

"To ubanki fa?"

"Mu ba mu da namiji gidanmu."

Mata suka yi dariya. Wata ta ce, cikin wasa, to a ɗakin wa take kwana, na Goggo ko na Inna. Asma'u ta ce ɗakin guda ne, gadon ma guda ne, ita ce dai ke da nata ƙarami a bakin ƙofa.

Barira na zaune a kan tabarma kusa da su, da jariri a cinya. Kalma ɗaya ta isa: ɗiyata ce, ku bar ta. Ba ta iya ba. Ta sunkuyar da kai tana gyara zanen jariri, yadda ya kamata mai kunya ta yi. Balaraba ba ta yi dariya ba.

Malam Chindo ɗan kasuwar yadi ne, iyayensa daga Sakkwato suka zo. Tun da gwamnati ta sakar wa ƙungiyoyi mara yake wa'azi da lasifika a masallacin bakin tasha. A wannan makon ya ce ya ji a rediyo wata ƙasar Turawa ta yarda namiji ya zauna da namiji kamar mata da miji, har wasunsu na neman a ba su ƴaƴa su riƙa. Jama'a suka yi a'uziyya. Sai ya ce kada su yi saurin tofar da yawu, don abin bai tsaya a Turai ba. Akwai wani gida a ƙasar Illela, mata biyu, ba miji, ba muharrami, da ɗiyar Musulmi a hannunsu, uban kuma yana nan cikin sahu. Bai faɗi suna ba. Ƴan tasha ba su nemi suna ba.

Mutari direba ne, yana jigila tsakanin Konni da Tawa, hanyarsa ta bi ta Badaguishiri. Washegari ɗan kamasho ya tambaye shi lafiyar mijin yayarsa. Wani direba ya ce in ya wuce ya gaida masa angon. Mutari ya jure kwana kaɗan, sannan ya tafi shagon Malam.

Malam ya ba shi kujera, ya tambaye shi sunan yarinyar. Mutari ya dubi ƙasa, ya ce ta wajen Kubura dai.

"Ka ga irinta," in ji Malam. "Kunyar da ba ta cikin littafi kun riƙe, amanar da ke cikin littafi kun yar. Ranar ƙiyama ba Kubura za a tambaya ba, Mutari. Kai ne."

Tare suka je Badaguishiri. Kubura ta shimfiɗa musu tabarma a zauren ubanta, ta zauna daga bakin ƙofar ciki. Malam ya yi magana a natse. Ya ce shi bai zo da zargi ba, don zargi sai da shaidu, kuma ba shi da su. Amma yaro haƙƙinsa ne ya tashi ya ga uwa mace da uba namiji, haka Allah ya tsara, duk abin da ya saɓa wa haka ɓarna ce ko da an yi shi da kyakkyawar zuciya. Mafita biyu ce: ko Kubura ta yi aure, ko matar nan ta bar gidan. In ba haka ba uban zai ɗauki ɗiyarsa.

Kubura ta ce aure ta yi biyu, in Malam na da na uku ya ba wadda ba ta ɗanɗana ba. Sannan ta juya wajen ƙanenta.

"Shekarar da ƙyanda ta kama ta, ina uban yake? Motarka ta wuce ƙofar nan safe da marece."

"Yaya, kin san bai kamata in tsaya ba."

"Na sani. Larai ce ta tsaya."

Malam ya dubi Kubura, ya tambaye ta kai tsaye mi ke tsakaninta da matar nan.

"Rijiya guda, Malam, da tukunya guda."

"Da gado guda."

Kubura ba ta musa ba. Ta tashi ta ce tana da ban ruwa.

Larai ta ji komai daga bayan katanga. Da baƙin suka tafi ta ci gaba da tankaɗe, sannan suka tafi lambu. A can ta ce za ta koma Tajaye wajen wanta Labo. Kubura ta ce babu inda za ta. Ta ce in aka ba mutanen nan hannu sai sun nemi kafaɗa, kuma gidan nata ne, gadon ubanta, ba na masu lasifika ba. Suka yi ta jan magana har rana ta yi tsaka, ruwa na malala a fangali ɗaya ba mai juya shi.

"Ƙawa," in ji Larai, "ni ina da inda za ni. Yarinyar in ta bar nan ba ta da."

Ranar kasuwa ta ɗaure kayanta a zane ɗaya. Ta gaya wa Asma'u Kawu Labo ne ba lafiya, za ta duba shi ta dawo. Kubura ba ta raka ta tasha ba. Ta ba wani direba saƙo ya kai Konni cewa an cika sharaɗi.

Amsar ba ta daɗe ba. Mutari ya zo da motarsa ba fasinja, ya tsaya a ƙofar gida bai kashe inji ba. Ya ce ya kai wa Malam labari, Malam ya ce mai gaskiya ba ya gudu. Da babu komai, da matar ta tsaya ta yi rantsuwa. Tunda ta kwashe kayanta ba gardama, to ta amsa da ƙafafunta, kuma gidan da aka yi irin wannan ba wurin zaman yarinya ba ne, ko da wa ya saura a cikinsa.

Kubura ta ce ya jira ta. Ta yafa mayafi ta tafi gidan maigari, tsoho ne da ya san ubansu. Ya saurare ta har ƙarshe. Ya ce a al'ada gaskiyarta ce, shi tun da ya yi wayo bai taɓa ganin an karɓe riƙo ba gaira ba dalili. Amma in aka je gaban alƙali ɗa na ubansa ne. Kuma shi ba ya son lasifikar Konni ta juyo garinsa. Ya ce ta yi haƙuri.

Da ta dawo ta tarar maƙwabta sun fito. Asma'u ta taso daga lakwal, tana tsaye a bakin zaure da jakar yadi a wuya, tana kallon mutumin da ta sani da direban da ba ya gaishe ta. Mutari ya buɗe ƙofar baya.

"Yaya, ki ce mata ta shiga."

"Ɗiyarka ce. Kira ta."

Ya dubi yarinyar, ya dubi mutane. Ya share gumi da hularsa. Wata tsohuwa ta ce kai, wannan abu bai yi kyau ba, ba ta ce wanne ba. Inji na ta kaɗawa. Kubura ta ga fitsari ya gangaro wa yarinyar a ƙafa a gaban jama'a. Sai ta je ta kama hannunta, ta shiga da ita ciki ta canza mata zane, ta fito da ita, ta sa ta a mota da kanta. Ta ce mata hutu ne za ta je, ta yi biyayya. Ita ta rufe ƙofar.

Labari ya isa Tajaye. Larai ba ta dawo ba. An ce Labo ya ji kaset ɗin wa'azin, ya ce in ta sake taka Badaguishiri kada ta sake taka gidansa. An kuma ce ita ce ta ƙi, don tana ganin muddin ba ta nan wata rana za a maido yarinyar. Kubura ba ta aika ta tambaya ba. Rabin albasar shekarar ya bushe, don mutum ɗaya ba ya jan ruwa yana bin fangali.

Mutari ya sa doka kada yayarsa ta taka gidansa. Gab da damina wata mai sayar da kuka ta kawo wa Kubura saƙo daga Barira: maigida zai yi lodin Tawa ranar kaza, in tana da hali ta zo.

Ta same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa. Suka gaisa doguwar gaisuwa. Barira ta ce an cire baƙuwar, haka take kiran Asma'u, daga lakwal an sa ta Islamiyyar Malam, kuma ba ta da laifi, tana shara, tana wanke-wanke. Yaran gidan kuwa, "ta Badaguishiri" suke ce mata. Sai dai ba ta cin abinci, kuma akwai maganar kai.

"Wane kai?"

Barira ta sa ƙaramin ɗanta ya kira ta. Asma'u ta fito daga ɗaki cikin hijabi har ƙasa, ta durƙusa daga nesa ta ce Goggo ina wuni, kamar mai gaida baƙo. Kubura ta ce ta matso. Ta zare hijabin. Kitson da ke kan ya cukurkuɗe, ya yi dauɗa, gefe ɗaya ya fara ƙuraje. Kubura ta gane hannun. Larai ce ta yi shi ana gobe za ta tafi.

Barira ta ce sau biyu ta kira mai kitso, yarinyar ta cije ta. Ita kuma ba ta iya zaunar da ita a gabanta, Yaya ta san yadda abin yake.

Kubura ta nemi tsinke da man shanu. Ta zaunar da Asma'u tsakanin ƙafafunta ta fara tsifa daga ƙeya. Yarinyar ba ta hana ba. Can ta tambaya, ba tare da ta waiwayo ba, ko Kawu Labo ya samu sauƙi.

"Da saura," in ji Kubura.

"In ya warke Inna za ta zo ta ɗauke ni?"

"Riƙe kanki daidai."

Ta tsefe gefen dama, ta kai tsakiya, sai aka ji odar mota a waje. Ba a samu lodin Tawa ba. Mutari bai shigo ba. Ya tsaya a zaure ya aiko yaro ya ce a gaya wa yayarsa ta fito, motar Badaguishiri na shirin tashi, ya sa an riƙe mata wuri.

Kubura ta goge hannunta a zane. Ta miƙa wa Barira tsinken, ta ce mata daga ƙasa ake farawa, a hankali, kuma a sa mai kafin a ja. Barira ta karɓa. Ta dubi kan yarinyar, rabi a tsefe rabi a kitse, ta dubi ƙofar zaure.

Kubura na saka takalmi ta ji Barira tana ce wa ɗanta ya leƙa gidan Shatu mai kitso, ya gani ko tana nan.