Famfon da Baba Yabo Ya Ji

"Kashe wannan abin, Mudi! Injin niƙa ka kawo mana gidan haya?"

Saviour ne ya banko ƙofar. Jiya ya iso daga Kaduna, yau har ya zama mai gida. Mudi bai juyo ba. Bango ɗaya ya raba ɗakinsa da na Baba Yabo, uban Saviour, wanda ya yi wata biyu a kwance.

"Bidiyon bikin Rahab nake haɗawa. Baba ne ya ce yau yake so ya gani."

An yi bikin ɗiyar Baba Yabo ne a coci a Malumfashi, tsohon ko tsakar gida bai iya fitowa ba. Mudi ne ya je ya ɗauka. Yanzu kwamfutar tana fitar da aikin, zafin Afrilu ya sa fankokinta ihu.

"Mutum na fama da numfashi, kai kana fama da bidiyo. Ka rage ko in cire wayar."

"Yaya Saviour, wutar nan ƙarfe uku za su ɗauke."

"Ina ruwana!"

Mudi ya buɗe manhajar da ke sarrafa sanyaya injin, ya kama layin da aka rubuta fanka ta ɗaya, ya ja shi ƙasa da haushi. Ƙarar ta ɗan sauya. Saviour ya yi tsaki ya fita.

Zafin injin ya fara hawa. Saba'in da biyar. Tamanin da takwas. Casa'in da bakwai. Allon ya yi baƙi. Aikin awa ɗaya ya tafi.

Yana zagin iska Mama Matta, matar Baba Yabo, ta leƙo. "Babanku na kira."

Ɗakin na warin man zafi da kunu. Baba Yabo ya rame har zoben aurensa na yawo a yatsa. Shekara talatin ya yi yana gyaran injin gurzar auduga a nan Funtua.

"Kai, makanikin birni," ya ce, murya a shaƙe. "Famfon ruwan da ke sanyaya injin ka shaƙe, ba fanka ba."

"Baba, fanka aka rubuta."

"A rubuta. Ni na ji shi yana tari ta bango. Duba wayoyinka." Ya huta. "Wa ya ce ƙarar ta dame ni?"

Saviour, da ke bakin gado, ya sunkuyar da kai.

Mudi ya koma ya kwance murfin kwamfutar. Haka ne. Tun ranar da ya haɗa injin ya soka wayar famfo a gurbin fanka. Shekara guda bai lura ba, sai da mai jinya ya ji. Ya mayar da famfon ɗari bisa ɗari, fankoki ma duka, ya sake sa aikin daga farko. Zafi ya tsaya a sittin da takwas. Ɗakin ya ɗauki ruri, ya bar ƙofar a buɗe da gangan.

Minti hamsin, in ji allon. Ya zauna yana cizon leɓe.

Aikin yana kashi tamanin da huɗu Mama Matta ta kurma ihu.

Mudi ya miƙe, ya koma ya zauna. Da an bar shi, da tuni sun gama kallo. Da ya duba wayar nan tun bara, da ko an matsa masa ba abin da zai faru. Ya rasa wa zai shaƙe. Ya naushi bangon har fenti ya zubo.

Saviour ya zo bakin ƙofa, ido jawur. "Ya gama?"

"Wanne?" Mudi ya ce.

Saviour ya juya ya tafi.

Mata sun fara shigowa, ana jan kujeru a tsakar gida, wani na kiran fasto a waya. Mudi ya ɗauki bencinsa da tabarmar sallarsa ta baƙi ya kai waje.

A ɗakin da ba kowa, aikin ya cika. Bidiyon ya buɗe da kansa: Rahab a ƙofar coci cikin farar riga, tana kare rana da tafin hannu, tana neman inda kyamara take.