Muryar Dabo Dillali a Lasifika

Shekara talatin da biyu Malam Zarami ya yi a gidan rediyo. Da safe ya karanta labarai, ran Laraba da yamma kuma ya rikiɗe ya zama Dabo Dillali a wasan kwaikwayo, wani maƙaryacin dillalin shanu da zai dafa tsohuwar saniya marar haƙori ya rantse da Allah karsana ce. Daga Potiskum har Fika babu gidan da ba a san muryar nan ba. Mata nawa suka ƙona tuwo saboda shi!

Da ya yi ritaya ya dawo unguwarsu Dogo Nini, ko kare bai sake nemansa ba. Kaset-kaset ɗin wasan ma wai ruwan sama ya jiƙa su, aka kwashe aka zubar. Muryar kaɗai ta rage masa, ita kuwa tsufa bai taɓa ta ba.

Sai ladanin masallacin unguwa ya rasu. Zarami ya yi kwana uku yana juya abin a ransa, sannan ya gaya wa matarsa Fanne yana son aikin.

"Shekara talatin ina rantsuwar ƙarya da bakin nan. So nake in wanke shi kafin a kai ni makwancina."

"Haba Malam, ai kowa ya san wasa ne."

"Kowa? Shekaranjiya a kasuwar shanu wani Bafulatani ƙin ba ni hannu ya yi."

Alhaji Auwal, shugaban kwamitin masallaci, ya yi ta sosa gemu, daga ƙarshe ya ce a gwada shi da azahar. Zarami ya sa farar riga, ya shafa turare, ya shiga ɗan ɗakin lasifika. To ga inda tsiyar take. Mutumin rediyo ba ya buɗe baki sai ya ƙwanƙwasa makirufo ya yi gyaran murya, abin ya bi jiki. Kuma irin wannan gyaran muryar Dabo yake yi duk sanda zai zabga ƙarya. Lasifika ta kwashe ta raba wa unguwa.

Wani mai Keke Napep ya taka birki ya ƙwala ihu, "Dabo, nawa saniyar?" Mata a cikin gidaje suna dariya suna istigfari, suna toshe baki da gefen zane. Hadijatu mai ƙosai ta ce ita wallahi tsayawa ta yi ta ji farashi. Har a sahu an samu dattijon da kafaɗarsa ta yi ta rawa sai da aka yi sallama.

Shi Zarami bai ji ko ɗaya ba. Idonsa a rufe ya yi kiran, hawaye na bin gemunsa. Kuma a faɗi gaskiya, unguwar ba ta taɓa jin kira mai daɗinsa ba.

Bayan sallah Alhaji Auwal ya ja shi gefe, wajen butoci.

"Baba Zarami, murya kam Allah ya ba ka."

"Alhamdu lillahi. La'asar ƙarfe nawa kuke kira?"

"Wato... liman ya ce kada mu jefa jama'a cikin zunubi. Dariya aka yi ta yi, Baba."

Zarami ya ce, "Gyaran muryar nan ce. Ba zan sake ba."

"Ba ita kaɗai ba ce. Ko sallama ka yi, Dabo muke ji."

"To in sauya murya. Na iya kala goma."

"A kiran sallah? Ai ka ga wasan kwaikwayo ke nan kuma."

Ladancin sai aka ba Babayo mai wankin hula, wanda muryarsa kamar ana jan kwano a kan siminti. Babu wanda ya taɓa yi masa dariya.

Zarami bai daina zuwa masallaci ba, sai dai ya koma sahun baya, can jikin bango. In liman ya kai ƙarshen Fatiha jama'a suka ɗauki amin, shi leɓensa kawai ke motsi. Fanne ta ce yanzu ko ruwan sha zai nema a gida, sai ta matso ta tambaye shi sau biyu kafin ta ji abin da ya ce.